Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi, uwargida kuma ta ce ta gaji: ku ba ni shawara

KocinTudu:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina da wata damuwa da nake so ku taya ni dubawa, musamman malaman makaranta da iyayenmu mata da ke cikin wannan zaure.

Ni malamin wasanni ne a wata sakandaren mishan a nan Filato. Da safe ina aji, in an tashi ina fili da yaran ƙwallo har rana ta faɗi, ranar Asabar kuma in ba atisaye to akwai wasan sada zumunta. Bana Allah ya taimake mu mun kai wasan ƙarshe na gasar makarantun shiyyarmu, abin da makarantar ta daɗe ba ta gani ba. Da farko ranar Asabar aka sa, sai masu shiryawa suka aiko cewa an ba da hayar filin don taron siyasa, an mayar da wasan Lahadi ƙarfe 10 na safe. Wannan Lahadin kuwa ita ce za a yi wa 'yata ta fari baftisma. Ga shi ni dattijo ne a ikilisiyarmu.

Da na gaya wa uwargida ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Baban yara, na san ka san lambar takalmin golanka. Ta autanka fa?" Daga nan ta ɗauki bokitinta ta fita.

Tambayata biyu ce. Ranar Lahadin nan ina zan nufa? Na biyu kuma, wanda ya fi damuna: aikin nan da nake ɗauka hidimar Ubangiji ce ga yara, shin hidimar ce da gaske ko son raina ne na sa masa rigar hidima?

DanBilliri:
Baftismar 'yarka sau ɗaya ce a duniya. Kofi kuwa duk shekara ana bugawa. Ni ban ga abin tambaya a nan ba, Malam.

GolanDa:
@DanBilliri duk shekara ana bugawa, amma ba duk shekara ake kaiwa ba. 'Yan SS3 da ke cikin tim ɗin su ma sau ɗaya ne, baɗi suna gida suna jiran JAMB. Ka taɓa tsayawa a raga ka waiwaya benci ka ga babu kocinka? Ni na taɓa. Ƙafafuna har rawa suka yi. Kada mu sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi.

MamanBiyar:
Ɗana KocinTudu, sannu da aiki. Bari in yi maka magana a matsayin matar gemsmasta, domin maigidana wannan aikin ya yi har ya yi ritaya.

Ku maza kuna ganin fili kawai. Ba ku ganin abin da filin ke shigowa da shi gida. Ranar Juma'a da dare za a turo mini buhun jesi, duk jar ƙasa da warin zufa, a ce gobe da safe ake so. Da sabuluna zan wanke, in shanya a kan igiyar da zan shanya kayan makarantar yarana, in kwana ina juya su don su bushe. In an ci wasa, yara goma sha wani abu za su biyo shi gida suna waƙa, tuwon da na tuƙa wa mutum bakwai shi zan yayyanka. In an sha kashi kuma, maigida zai shigo fuska a murtuke, ba mai iya tambayarsa kuɗin cefane. Gulukos ɗin da ake zuba wa yara a tafin hannu ranar intahaus suna lasa, da lemun da ake yankawa lokacin hutun rabin lokaci, sau da yawa daga albashinmu suka fito, makaranta ta ce za ta biya, har yau.

Ban ce aikin banza ba ne. Har gobe akwai manyan mutane da ke tsayar da mota su durƙusa su gaishe shi, su ce ba don shi ba da sun lalace. Ina jin daɗin hakan. Amma sujadar iyali ta yamma ni kaɗai na riƙe ta shekara da shekaru, ni ce mai karatu, ni ce mai addu'a, ni ce mai tsawatarwa. Matarka ba kishin ƙwallo take ba. Gajiya ta yi. Maganar takalmin nan da ta yi maka, ta daɗe tana ajiye da ita.

Talatu_Zonkwa:
Mama kin gama magana. Allah ya ƙara girma.

RabaranMaiMurabus:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Ɗana, Littafi Mai Tsarki bai ƙi wasa ba. Manzo Bulus da kansa ya yi misali da masu tsere da masu dambe a 1 Korantiyawa sura 9, ya kuma gaya wa Timoti cewa motsa jiki yana da nasa ɗan amfanin. Ƙwallon kwando ma a makarantar horon ma'aikatan YMCA aka ƙirƙiro shi a Amurka a 1891, James Naismith ne ya yi, don a samu abin da samari za su yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Saboda haka kada kowa ya sa ka ji kamar aikin duniya kake yi, mu muna na sama.

Amma kai dattijo ne. Ka koma 1 Timoti sura 3 ka ga ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema wurin shugaba: ya iya riƙe gidansa. Idan ikilisiya ta taru a bakin ruwa, aka kira sunan yarinya, aka duba babu ubanta, kuma kowa ya san inda yake, me za ka ce wa matasa in ka tsaya gabansu wata Lahadin?

Ka tuna da Eric Liddell, ɗan Sikotland. A gasar Olamfik ta Paris a 1924 ya ƙi gudun mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, domin zagayen share fage ya faɗo ranar Lahadi. Ya koma mita 400, Allah kuma ya ba shi zinariya. Wanda ya girmama Allah, Allah zai girmama shi.

MalamarTarihi:
Baba Rabaran, ku gafarce ni in ƙara kaɗan a kan labarin Liddell, domin yawanci a wa'azi wurin zinariyar ake tsayawa.

Na ɗaya, ya san jadawalin tun watanni kafin gasar, ya samu lokacin sake shiri. KocinTudu kuwa kwatsam aka sauya masa rana. Na biyu, gudun nasa ne shi kaɗai, shi ya yi asarar. Nan kuwa yara ne da yawa a bayan mutum ɗaya. Na uku, bayan ya koma Sin aikin mishan a 1925, yaƙi ya tsananta, a 1941 ya tura matarsa da 'ya'yansa Kanada tana da ciki, shi ya tsaya bakin aiki. Japanawa suka tsare shi a sansanin Weihsien, can ya rasu a 1945, bai taɓa ganin 'yarsa ta uku ba. Waɗanda suka zauna da shi a sansanin kuma sun ba da labarin cewa da farko ya ƙi shirya wa yara wasa ranar Lahadi, amma da ya ga sun yi wasan su kaɗai sun ɓarke da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci.

Ba rage masa daraja nake ba. Ina cewa ne mutumin da ake kafa hujja da shi a kan Lahadi, shi kansa ya busa usur ranar Lahadi saboda yara. Kuma in matarsa ce za ta ba da labarin, wataƙila ba daga zinariya za ta fara ba.

RabaranMaiMurabus:
'Yata, na gode. Na san maganar sansanin. Amma ki lura, alƙalancin da ya yi don hana faɗa ne, ba don ɗaukar kofi ba. Ubangijinmu ya ce an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba, ya kuma warkar da mutane a ranar. Tambayar ita ce, kofin shiyya jinƙai ne ko kuwa suna ne?

Injiniya_Bukuru:
Tunda an shiga tarihi, akwai Jonathan Edwards na Ingila, mai tsallen taku uku, ɗan limamin coci. Ya ƙi zuwa gasar duniya ta 1991 saboda Lahadi, a 1993 ya sauya ra'ayi, a 1995 ya yi tsallen mita 18.29. Kun ga ba a hana shi albarka ba don ya yi wasa ranar Lahadi.

DanBilliri:
Injiniya ka ƙarasa labarin mana. Daga baya shi da bakinsa ya ce ya daina ba da gaskiya ga Allah.

Injiniya_Bukuru:
Haka ne, amma bayan ya yi ritaya ne da shekaru. Ba za ka ɗora wa tsallen Lahadi ba. Nawa ne ba su taɓa fashin sujada ba kuma zuciyarsu ta daɗe da barin wurin?

GemsmastaZariya:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin aiki ne ya sa ni a zauren nan saboda harkar wasannin makarantu, in an yarda in sa baki.

Abin da ke damun Malam KocinTudu mu ma yana damunmu. Masu shirya gasa sukan sa wasa ranar Juma'a ƙarfe 1 ko 2 na rana ba tare da tunanin komai ba, ko su sa zagayen farko a tsakiyar azumi, yaro bai sha ruwa ba tun asuba a ce ya yi minti 90 cikin rana. Abin da na koya shi ne, in ka je kai kaɗai ka ce addinina, za a ce ka cika tsauri. In ka haɗa kai da kocin ɗaya makarantar, ku biyu kuka sa hannu a takarda ɗaya, shugabannin makarantunku suka buga hatimi, da wuya a ƙi. Babu wasa in babu ku. Ka nemi a mayar da shi ƙarfe 3 ko 4 na yamma. Alƙalan wasan ma ai da yawansu suna zuwa coci.

Maganar gida kuwa, wallahi abin da Mama ta faɗa kamar a gidana ta zauna.

Talatu_Zonkwa:
Malam na Zariya ya kawo mafita, ku kuna can Paris da Kanada.

NasATexas:
Gaisuwa daga nesa. A nan Amurka ƙwallon sakandare, irin nasu na hannu da hular kwano, daren Juma'a ake bugawa, jami'o'i Asabar, ƙwararru Lahadi. A ƙananan garuruwan Texas ranar Juma'a da dare gari kan watse ya koma filin makaranta. Saboda haka rikicin Lahadi bai cika tasowa a sakandare ba. Rikicinsu addu'a ce. Akwai wani mataimakin koci, Joe Kennedy, a garin Bremerton na jihar Washington, da ke durƙusawa tsakiyar fili bayan wasa yana addu'a, yara suna binsa. Hukumar makarantar ta dakatar da shi a 2015, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2022 alƙalai 6 cikin 9 suka ba shi gaskiya.

Amma ta fannin iyali duk ɗaya ne. Ɗana yana buga ƙwallon kwando, na san matar kocinsu a cocinmu. Ta ce daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ita da gwauruwa ba su da bambanci. In ya dawo gida ma bidiyon wasan abokan hamayya yake kallo har tsakar dare. Bambancin kawai, su ana ba su ɗan alawus na daban, kuma makaranta ke wanke jesi.

GolanDa:
A dakatar da mutum daga aiki don ya yi addu'a a fili? Mu nan in koci bai yi addu'a ba ne iyaye za su kai ƙararsa wurin firinsifal.

NasATexas:
Dariya ka ba ni. Amma hujjar masu ƙorafin ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Suna cewa yaron da ba ya son shiga addu'ar zai ji tsoron kada a ajiye shi a benci. Ka yi tunanin yaronka shi kaɗai ne Kirista a tim, koci yana jan addu'ar wani addinin, shi ke kuma zaɓen wanda zai buga.

GemsmastaZariya:
Ni abin da nake yi, in muka yi da'ira kafin wasa, yaro ɗaya Musulmi ya yi, ɗaya Kirista ya yi, kowa ya ce amin. Kuma na hana roƙon "Allah ka kunyata su". Lafiya muke roƙo da kariya daga karaya. Su ma can gefen ai roƙo suke.

KocinTudu:
Na gode ƙwarai, ina karanta kowa. Mama MamanBiyar, maganarki ta zauna mini. Baba Rabaran, na ji. Malam na Zariya, na kira kocin ɗaya makarantar, ya ce shi ma bai so safiyar ba, za mu rubuta.

Tunda na fara buɗe ciki bari in ƙarasa. Akwai wani nauyin kuma. Ɗan wasanmu na gaba ya gurɗe a wasan kusa da na ƙarshe. Wani babba a makarantar ya kira ni gefe ya ce akwai yaro a cikin gari da ke buga wa wani kulob, a yi masa katin shaida da hoton yunifom, ba wanda zai sani, "kowa ma haka yake yi". Na ce a'a. Ya ce in na bar benci ranar Lahadi kuma na ƙi wannan, to in aka sha kashi ni na jawo. Tsorona shi ne in ba na wurin, ban san wanda zai sa lamba 9 ba.

Fasto_Kagoro:
To, ga ainihin jarabar nan. Wannan ta fi maganar Lahadi nauyi sau goma. Makarantar mishan, ana taron FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, duk mako, ana rera waƙa a asambule, sannan a ƙirƙiri katin ƙarya? 2 Timoti 2:5 ta ce ɗan wasa ba ya samun rawani sai ya bi ƙa'ida. Yaron da ke zaune a benci tun JSS yana jiran ranarsa, ya ga an kawo baƙo an sa masa rigarsa, wane wa'azi zai ƙara ji daga bakinku? Tun 1957 da aka kafa FCS a Gindiri ake ƙoƙarin koya wa ɗalibai gaskiya, kati ɗaya ya isa ya rushe wa yaro duk abin da ya koya.

TsohonRafali:
Sojan haya! Na yi alƙalancin wasannin makarantu, na ga abin mamaki. An taɓa kawo mini "ɗan SS2" an aske masa gemu da safiyar nan, haɓarsa har tana ɗan jini. Na ce ya faɗi sunan malamin lissafinsu, ya juya yana kallon benci. Na ce to sunan gidan kwanansa, ya faɗi sunan gidan da babu shi a makarantar. Abokan wasansa da kansu suka fashe da dariya.

Kuma wannan cutar ce ta bi mu har sama. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu, amma kullum ana mana kallon zargin shekaru. Tun 2009 da FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, sau nawa aka sallami yara daga sansani? Daga filin makaranta ake koyon abin. Malam, ka rubuta sunayen 'yan wasanka da hannunka, ka kai wa masu shiryawa tun kafin ranar, ka riƙe kwafi. Ko kana wurin ko ba ka nan, ba mai iya cusa kowa.

Injiniya_Bukuru:
Rafali gaskiya ne, amma ba a yi wa yaran 2013 da 2015 adalci in aka haɗa su duka. Su an yi musu gwajin. Daga cikinsu Iheanacho da Osimhen suka fito.

TsohonRafali:
Ban kama sunan kowa ba, Injiniya. Hali na ke faɗa.

SamarinKwaya:
Ni tambayata daban ce. Kocinmu a da yakan shafa wa turakun raga man zaitun da aka yi wa addu'a, ya yayyafa wa takalmanmu. Ɗaya makarantar kuma a ce sun binne laya a bakin raga. Meye bambancin?

Fasto_Kagoro:
Ɗana, in zuciyarka a kan man take, babu bambanci. Kwalba ce kawai ta maye gurbin laya.

DanBilliri:
Kun ci wasan ko ba ku ci ba?

SamarinKwaya:
Uku da nema aka ba mu. Gola ya ce santsin man ne.

MalamaPHE:
Ina ta jira in ga ko wani zai tuna cewa mata ma suna wannan aikin. Ni nake horar da 'yan mata ƙwallon kwando, mun taɓa zuwa zagayen shiyya na gasar Milo. Ba ni da wata uwargida da za ta wanke mini jesi ko ta riƙe mini sujadar iyali. In na tashi daga fili, kasuwa zan biya, in dafa, in duba aikin gida na yara, ranar Zumuntar Mata kuma a ce Malama ba ta zuwa, ta fi son gajeren wando. Kafin yarinya ɗaya ta bi ni tafiya sai na je gidansu na zauna da uwarta da ubanta na yi alkawari.

Abin da ya cece ni shi ne na yanka wa aikin iyaka da kaina. Kwana uku a mako, ƙarfe 5 da rabi usur na ƙarshe, ko muna tsakiyar abu. Na horar da wata tsohuwar ɗalibata ta zama mataimakiya, na ba ta ikon gaske, ba riƙe mini jaka ba. Ku maza da yawanku ba kwa son mataimaki mai ƙarfi, kuna so a ce in ba ku ba tim. Malam KocinTudu, kada ka ji haushi, amma in har ba za ka iya barin benci na awa biyu ba tare da komai ya rushe ba, to akwai gyara a yadda ka gina tim ɗin.

GolanDa:
Malama wannan ta yi zafi.

MalamaPHE:
Gara ta fito daga bakina da ta fito daga bakin matarsa a gaban kwamitin dattawa.

Yakubu_Numan:
Ni dai ina ganin a roƙi fasto ya ɗaga baftismar yarinyar zuwa rukuni na gaba. Ai ana yi fiye da sau ɗaya a shekara a wurare da yawa. Ruwa ba zai ƙare ba. Kowa ya samu nasa.

MamanBiyar:
Ɗana Yakubu, ka ga abin da nake faɗa? Kullum gida ne ake ɗagawa. Bikin suna a ɗaga, zuwa asibiti a ɗaga, gaisuwar surukai a ɗaga. Yarinya ta yi watanni tana ajin baftisma tare da ƙawayenta, ta haddace, an yi mata tambayoyi ta ci, an ɗinka farin kaya, sai a ce ta koma gefe ta kalli sauran suna shiga ruwa saboda taron siyasa ya ci filin ƙwallo? Ba za ta yi musu ba, 'ya'yan malamai ba sa musu. Amma za ta riƙe.

Yakubu_Numan:
Mama ban yi tunanin nan ba. Shawara ce kawai.

DiyarKoci:
Ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Babana koci ne, ya rasu yanzu. Gaskiya akwai ranakun da muka neme shi ba mu gan shi ba, ranar karɓar kyauta a firamare har na daina duba ƙofa. Amma kuma ba zan ce ƙwallo ta ƙwace mana shi ba, domin yakan ɗauke mu a babur zuwa fili. Ni ce mai riƙe masa agogo da littafin sunaye, ƙanena mai tsince ƙwallo a bayan raga. A kan hanyar dawowa yake tambayarmu ayar haddar makon, in ka manta sai ka sauka ka tura babur ɗin taku goma, muna dariya. Yawancin abin da na sani game da haƙuri da rashin cuta a filin nan na gani, ba a falo ba. Na taɓa ganin ya cire ɗan wasansa mafi kyau a wasa mai zafi don ya zagi alƙali.

Wadda ta sha wuya ita ce mamanmu, domin ita ba a ɗauke ta a babur ba. Malam, ka tambayi 'yarka me take so, amma kada ka tambaye ta a yadda za ta ji dole ta ce "ba komai Baba". Kuma kada ka sa ta zama ita ce mai yanke hukunci, nauyin ya fi ƙarfinta.

RabaranMaiMurabus:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan shaida ce.

MalamarTarihi:
Ina so in koma tambayarsa ta biyu, domin duk mun tsaya a ta farko. Hidima ce ko son rai? Ni ina ganin ba a raba su da wuƙa. Fasto ma yana jin daɗi in majami'a ta cika, mai kwaya yana jin daɗi in an tafa. Jin daɗin aiki ba zunubi ba ne. Inda zan duba shi ne, yaron da ba zai taɓa ci maka ƙwallo ba, kana ba shi lokaci? Shekarar da aka fitar da ku tun zagayen farko, ka ci gaba da zuwa fili da irin wannan zafin? Wanda ya ƙi sojan haya alhali kofi na gabansa, ni ban ga alamar mai bautar kofi a jikinsa ba.

DanBilliri:
Malama, mutum zai iya zama mai gaskiya a fili kuma ya bar gidansa da yunwarsa. Ɗaya ba ta wanke ɗaya.

MalamarTarihi:
Ban ce ta wanke ba. Tambayoyi biyu ya yi, na amsa ta biyun.

KocinTudu:
Ga inda ake. Mun kai takardar, mu biyu muka sa hannu. Masu shiryawa sun ce za su iya mayarwa ƙarfe 2, ba za su wuce haka ba saboda ɗaya makarantar tana da nisa kuma ba a son yara a hanya da dare, kun san yanayin hanyoyinmu. Baftisma da sujada sukan kai 12 da rabi, daga cocinmu zuwa filin kuma tafiyar fiye da awa ɗaya ce in mota ba ta tsaya ba. Yaran za su tafi da safe da mataimakina bayan gajeriyar sujada a makaranta. Sunaye na riga na kai, kamar yadda Baba Rafali ya ce.

Na gaya wa uwargida ina murna cewa an samu mafita. Ta ce, "Wato za ka ci abincin baftismar a tsaye ke nan, baƙi kuma ni zan sallame su." Ta ce ita ba Lahadi ɗaya take magana ba.

Talatu_Zonkwa:
Ai Mama ta gaya maka tun farko.

GolanDa:
To me ake so bawan Allah ya yi? Ya samu sauyin lokaci, zai ga baftisma, ya ƙi cuta, zai riski wasa. In wannan ma bai isa ba sai dai ya ajiye usur gaba ɗaya, kuma yaran nan wa zai kama su? Waɗanda ba sa fili da yamma ai mun san inda suke zuwa.

MalamaPHE:
Ba wanda ya ce ya ajiye. A rage. Bayan wasan nan ai an shiga hutun gasa, ya zauna da ita su tsara zangon gaba tare, ita ta faɗi ranakun da ba a taɓawa. Jesi kuma yaran su wanke abinsu, suna da hannu.

Fasto_Kagoro:
Ni har yanzu ban gamsu da buga wasan ranar Lahadi ba ko da yamma ne, kuma da makarantar mishan ta tsaya ta ce sai Litinin, da an ba ta. Mun saba da karɓar abin da aka miƙo mana. Amma na san ba kowa zai bi ni a nan ba.

GemsmastaZariya:
Fasto, Litinin akwai darasi, kuma 'yan SS3 suna shirin WAEC. Shugabannin makarantu ba za su saki yara ba, na gwada a wata gasar. Malam KocinTudu, mataimakin naka ya taɓa jan wasa shi kaɗai? In bai taɓa ba, ka bar masa atisayen Alhamis da Juma'a ya riƙe, kai ka tsaya nesa, domin in mota ta makale da kai a hanya shi zai yi canjin 'yan wasa, ba waya ba.